Maɓalli na Shida

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na safe

Na sayi wannan littafi don in riƙa rubuta zafin jikin Auta, tunda ma'aikatan jinya ba sa son a taɓa takardarsu. Jiya 37.4. Likita ya ce ba komai.

Yau kwana goma sha biyu da yi masa aiki. Bari in rubuta komai a tsare, ko hankalina ya kwanta. Auta ƙanena ne, a hannuna ya tashi. Tela ne. Shekara goma sha biyar yana taka keken ƙafa, ya ƙi na lantarki, wai ba ya jin maganarsa. Wata huɗu da suka wuce mota ta buge shi, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya dagargaje. Da aka tsince gutsattsarin, sai aka bar giɓi faɗin yatsa uku. Ƙashi ba ya haye giɓi irin wannan shi kaɗai.

A giɓin nan aka sa siliki, kuma ni na dafa shi.

Shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin binciken Farfesa. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ta ce hannuna take so, ba takardata ba. Ina yanka gidan tsutsar siliki, in dafa shi rabin awa danƙonsa ya fita, in narkar da zaren cikin wani gishiri mai ƙarfi wanda ba na ci ba. Daga nan in zuba shi cikin 'yan jakunkuna sirara, in rataya su cikin tulun gilashi cike da ruwa. Ruwan ke janye gishirin. Dole a canza shi sau shida cikin kwana biyu. Bayan haka a daskarar, a busar, ya fito kamar soso fari. Shi ake cusawa a giɓin, sabon ƙashi ya hau kansa ya bi ramukan, silikin kuma ya narke a hankali.

Ba na yarda da kaina, shi ya sa nake ƙirga da maɓalli. Auta ne ya ba ni gwangwani guda na ragowar shagonsa. In zan fara, sai in ɗebi shida in sa a aljihun hagu. Duk canjin ruwa in ajiye ɗaya a faranti. Aljihu ya kare, aiki ya kare. Abokiyar aikina Mai Tabarau tana kirana Uwar Ƙirga.

Na Auta shi ne dahuwa ta goma sha huɗu. Ni na roƙi Farfesa ta sa shi cikin mutanen da ake gwajin silikin a kansu.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

37.8.

Na same shi yana tsokanar mai sharar ɗaki. Ƙafar na rataye cikin ƙarafan da aka kafa mata ta waje. Yana ganina ya ce, "Yaya, zo ki ji. Ni da ban taɓa sa rigar siliki ba, yau ga shi an yi wa ƙashina shafi da shi. Tela dai tela ne, har ciki."

Na ce, "Rufe baki ka sha ruwa, mai kai kamar murfin tukunya."

Inna na zaune gefen gado tana ɓare masa lemo. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta nuna ni, ta ce, "Yayarsa ce ta haɗa masa ƙashin da hannunta." Na gaya mata ba haka abin yake ba. Ba ta ji.

Alhamis, 6 ga wata, 5:30 na yamma

38.2. Fatar da ke kusa da ɗinkin ta yi sheƙi. Na ɗora bayan hannuna, na ɗauke.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Na yi wanki.

Asabar, 4:00 na yamma

38.1. Ya ɗan sauka. Ya sauka.

Lahadi, 9 ga wata, 7:20 na safe

Jiya ban rubuta abin da ya kamata ba.

Ina da farar rigar aiki biyu. Ɗaya ta ɓace mini tun makonni, na ɗauka a wurin aiki na bar ta. Jiya ina saukar da kaya daga saman kabad sai ga ta a ƙudundune cikin leda. Na tuna ranar da na sa ta a ledar: Larabar da na gama dahuwa ta goma sha huɗu. Tun ranar ban sake sa ta ba.

Kullum ina lalube aljihu kafin in jiƙa kaya. Na dama ba komai.

A na hagu, maɓalli ɗaya. Ruwan ƙasa ne, mai huji huɗu. Yana can ƙasa, a kusurwar ɗinki.

Yanzu yana cikin jakata, a ƙulle cikin hankici.

Litinin, 10 ga wata, 12:50 na rana

38.6.

Na ciro takardar dahuwa ta goma sha huɗu. Gida shida, alama shida, duk da birona, duk da sa hannuna. Layin ya miƙe tsaf. Ya cika miƙewa. Sauran takarduna in ka duba za ka ga alamar safe daban, ta yamma daban, wata ta karkace don hannuna a jiƙe. A wannan, uku na ƙarshe kamar 'yan uku suke.

Na zazzage gwangwanin a kan teburi na ƙirga. Arba'in da bakwai. Ban taɓa sanin nawa ne a ciki ba, don haka ƙirgar ba ta gaya mini komai ba. Na sake ƙirgawa. Arba'in da bakwai.

Mai Tabarau ta leƙo ta ce, "Uwar Ƙirga, shago za ki buɗe ne? In haka ne ki ɗinka mini siket, nawa ya ƙi ni tun da na haifi ta ukun."

Na yi dariya. Ina jin na yi ta daidai.

Talata, 11 ga wata, 6:30 na safe

Abin da na tuna game da Larabar:

Ruwa na biyar na canza shi da safe, wannan na tabbata, don na zubar da kaɗan a takalmina. Na shida ƙarfe biyu ya kamata. Wajen ɗaya da rabi Inna ta kira, tana ihu, wai Auta ya zame da sandarsa a banɗaki, jini na fita ta bakin ƙarafan. Lokacin yana gida yana jiran ranar aiki. Na tuɓe rigar, na cusa a leda, na fita. Na dawo wajen biyar, sanye da ɗaya rigar. Na ciro jakunkunan daga tulu. Na cika takarda.

Abin da ban tuna ba: ko na canza ruwan kafin in fita. Ko na kalli farantin.

Ruwan da ke da gishirin da wanda ba shi da shi, ido ba ya bambanta su. Duk garau suke.

Mai yiwuwa bakwai na ɗebo tun farko. Ya taɓa faruwa sau ɗaya, shekara uku da suka wuce. Mai yiwuwa na canza ruwan ina sauri, na manta ajiye maɓallin.

Mai yiwuwa.

Talata, 6:10 na yamma

38.9. Bai ci komai ba. Ɗinkin ya fara tsatsar da wani ruwa.

Likitan ƙashi ya ja ni baranda. Mutum ne mai magana a hankali, yana goge tabarau da gefen rigarsa. Ya ce, "Ke ta gida ce, ba zan kewaya miki ba. Abu biyu ne. Ko dai cuta ta shiga ta bakin ƙarafan, wannan magani zai kashe ta, mu bar silikin ya yi aikinsa. Ko kuma silikin ne jikin ya ƙi. In haka ne, duk kwanan da ya ƙara a ciki ɓarna yake yi."

Na ce, "To ku cire mana."

Ya ce, "In na cire, mun koma giɓi, kuma ya fi na da. Ba na son in cire abu mai kyau. Na duba takardunku, tsaf suke. Don haka zan ba magani lokaci."

Na ce, "In kuma maganin bai ci ba?"

Ya sunkuya ya ɗora gefen tafin hannunsa a ƙafarsa, ƙasa da gwiwa kaɗan. Sai ya miƙe ya ce, "Ba mu kai can ba."

Jakata na rataye a kafaɗata duk tsawon maganar.

Laraba, 12 ga wata, 10:20 na safe

Daga kowace dahuwa muna yanke ɗan guntu mu ajiye a firiza da lambarsa. Na buɗe na ciro na goma sha huɗu. Fari fat, kamar na goma sha uku, kamar na goma sha biyar. Na shinshina. Ban san me nake nema ba.

A nan ba mu da na'urar auna ragowar gishirin. Sai an aika wani wuri, kwana takwas kafin amsa, kuma sai Farfesa ta sa hannu ta rubuta dalili.

Dalilin ni ce.

Akwai mutum biyar da ke jiran nasu silikin. In na yi magana za a tsayar da komai. Ina ta gaya wa kaina su nake tausaya wa. Na rubuta wannan layin, na karanta, ban yarda da shi ba.

Laraba, 5:45 na yamma

39.0.

Inna ta daina gaya wa mutane hannuna ne. Ba don ta zarge ni ba. Ta daina magana ne gaba ɗaya, sai fifita take yi masa da murfin kwali.

Alhamis, 13 ga wata, 1:30 na rana

39.3. Ɗakin ya fara wani wari. An buɗe taga.

Yana kwance ido a rufe, amma ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, tana motsi ƙarƙashin mayafi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Na daɗe ina kallo kafin in gane keke yake takawa.

Da ya farka ya ce, "Yaya, kin je shagon?"

Na ce, "Na je."

"Kin sa mata mai? Tsohuwar nan in ba a sa mata mai ba fushi take yi."

Keken yake nufi. Na ce na sa. Ban je ba. Ƙarya ta biyu ke nan, in an ƙirga shirun.

Ya ce, "Me ya same ki? Fuskarki kamar wadda aka ɗinka wa riga ba wuya."

Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 14 ga wata, 6:15 na safe

39.5, ma'aikaciyar jinya ta faɗa mini ta waya.

Na goge rigata. Na ɗaure hankicin sau biyu.

Juma'a, 3:40 na yamma

Na faɗa.

Farfesa na cin biredi a ofishinta. Na kwance hankicin na ajiye maɓallin a kan teburinta, na faɗi komai a tsaye, daga kiran Inna har wankin Asabar. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye biredin, ta share yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Yaushe kika ce kin gan shi?"

Na ce, "Asabar."

Ta ce, "Yau Juma'a."

Wannan kaɗai ta faɗa a kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce sau da yawa ruwa biyar ma yana isa, na shidan don tabbatarwa ne. Na ji numfashina ya dawo. Sai ta ce, "Sau da yawa na ce. Ba na sa sau da yawa a ƙafar mutum." Ta ɗauki waya ta kira Likita a gabana. Guntun firiza ya tafi yau. Likita ya ce zazzaɓi irin wannan ba zai jira kwana takwas ba.

Gobe da safe za su cire.

Mai Tabarau ta raka ni har bakin titi. Ba ta yi wasa ba. Ta gyara mini mayafina, ta ce, "Ki ci wani abu, don Allah."

Asabar, 15 ga wata, 2:00 na rana

Sun fito. Awa uku.

Likita ya kira ni wani ɗan ɗaki, ya nuna mini abin da suka ciro, cikin kwalba. Ya yi ja, ya yi laushi, ba kamar yadda ya bar hannuna ba. Ya juya kwalbar wajen haske ya ce, "Kin ga waɗannan?" A gefe ɗaya akwai 'yan farare-farare, kamar tsakin gishiri.

Na ce, "Gishirin ne?"

Ya ce, "A'a. Ƙashi ne. Ya fara hawa."

Giɓin yanzu yatsa huɗu. Sun canza masa magani zuwa wani mai ƙarfi, ta jijiya.

Litinin, 17 ga wata, 7:00 na safe

38.4.

An dakatar da ni daga teburin dahuwa har kwamitin gwajin ya zauna. Ina wanke kwalabe.

Laraba, 19 ga wata, 4:30 na yamma

37.6. Ya ci shinkafa cokali biyar.

Na je shagon. Ƙura ta rufe komai, akwai wandon wani da ya bari rabin ɗinki, allura a soke. Na sa wa keken mai a duk hujin da na gani. Na ɗora ƙafata a mataki, ya yi nauyi, da ƙafa biyu ake taka shi daidai. Na rufe na fito.

Alhamis, 20 ga wata, 1:10 na rana

37.2.

Yau ya ce, "Likita ya ce ke kika gano matsalar. Inna, kin ji? Yayata ta fi likitoci."

Inna ta ce, "Ai na sani."

Likita ya rufa mini asiri ne, ko kuwa haka Auta ya fahimta, ban sani ba. Na fita na tsaya wajen famfo.

Litinin, 24 ga wata, 11:45 na safe

Amsa ta dawo. Farfesa ta miƙo mini takardar.

Babu ragowar gishiri. Ko kaɗan.

Na ce, "Ke nan na canza ruwan."

Ta ce, "Ko kin canza, ko biyar ɗin sun isa. Ba za mu sani ba."

Na ce, "Zazzaɓin fa? Ai da aka cire ya sauka."

Ta ce, "Ranar da aka cire aka canza magani. Wannan ma ba za mu sani ba."

Na koma wajen kwalabe. Na wanke ɗaya sau uku. Ƙananan fararen nan da Likita ya nuna mini suna ta dawo mini.

Talata, 25 ga wata, 5:20 na yamma

Na aiki Inna sayen lemo, na ja kujera kusa da shi. Na gaya masa duka: maɓallin, takardar, amsar jiya, da ƙashin da ya fara hawa.

Ya kalli silin. Sai ya ce, "Kenan mai kyau aka cire mini."

Na ce, "Mai yiwuwa."

"Kwana nawa maɓallin ya yi a wurinki kafin ki faɗa?"

Na ce, "Shida."

Ya ce, "Kina zuwa nan kullum."

Na ce, "Ina zuwa."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Da Inna ta dawo ya ce barci yake ji.

Alhamis, 27 ga wata, 1:00 na rana

36.9. Bai kira ni Yaya ba. Ya amsa gaisuwa dai.

Litinin, 1 ga sabon wata, 6:00 na yamma

Likita ya tara mu. In ciwon ya ci gaba da tsabta, nan da mako shida za a iya sake gwadawa. Sau ɗaya. Ya ce ƙashin sama da na ƙasa ba za su jure na uku ba. Wannan karon bai sunkuya ba, amma na ga Auta ya kalli gwiwarsa.

Kwamiti ya yarda a ci gaba da gwajin, da sharaɗin mutum biyu su riƙa sa hannu a kowane canjin ruwa.

Da Likita ya fita, Auta ya ce wa Inna ta miƙo masa rigarsa mai dogon hannu da 'yar jakar allurarsa. Muna kallo ya tsinke maɓallan rigar da haƙori, guda shida. Ya zura su a zare mai kauri, ya ninka, ya ƙulle bakin biyu. Sau uku yana kuskuren hujin allura, bai bari na taimaka ba.

Ya miƙo mini. Ya ce, "Ana ƙirga da abu a warwatse? Shekara tara, ba ki tambayi tela ba. Ki riƙa tura ɗaya gefe. Ba mai faɗuwa aljihu."

Na ce, "Ba ni zan dafa ba. Zan roƙi Farfesa ta ba Mai Tabarau."

Ya ce, "Ke za ki dafa."

Na ce, "Auta."

Ya ce, "Ban ce na manta ba. Ban manta ba, Yaya. Amma duk ginin nan wa zai ji tsoro kamarki?"

Inna ta ce, "Wai me kuke ta faɗa ne? Ka lalata riga mai kyau."

Talata, 9 ga wata, 8:30 na safe

Farfesa ta yarda, bayan ta sa na jira mako guda. Dahuwa ta goma sha shida. Jiya na dafa, na narkar. Jakunkuna na cikin tulu.

Ruwa na ɗaya. Mai Tabarau ta gani, ta sa hannu.

Laraba, 10 ga wata, 2:05 na rana

Wayata na cikin kabad, a kashe, tun safe.

Ruwa na shida. Na zubar da tsohon, na cika sabo har layi. Mai Tabarau na tsaye a kaina, ta kalli agogo, ta sa hannu, na sa. Na tura maɓallin ƙarshe ya haɗu da 'yan uwansa. Shida a gefe ɗaya, zare fayau a ɗayan.

Ta ce, "To, Uwar Ƙirga, an gama. Da idona na gani."

Na ce na sani.

Ruwan garau yake, kamar wancan. Da ta juya baya na sa hannu a aljihun hagu, na bi ɗinkin da yatsa har kusurwa.